Sabuwar Ƙungiyar Tseren Keke Ta Iniesta: Gardamar Kuɗi Da Makoma A Gidan Dahala

A unguwar Gidan Dahala da ke cikin birnin Sakkwato, kamar dai yadda yake a sauran unguwannin garuruwan Arewa, ƙwallon ƙafa ita ce ke cin rabin hirar matasa da dare. To amma ba a taɓa jin an yi musu kan keke a matsayin wasa ba sai a ƙarshen shekarar 2025, sa'ad da wata gardama ta kutso kai cikin majalisun unguwar, da teburan masu shayi, da rumfunan masu gyaran keke. Gardamar kuwa a kan wata sabuwar ƙungiyar tseren keke ce ta ƙwararru wadda ake kira NSN. Ƙungiyar ba ta Nijeriya ba ce, an yi mata rajista ne a ƙasar Suwizalan, mazauninta kuma yana Sifen. Sunaye biyu ne suka kawo labarinta Sakkwato. Na farko shi ne Andrés Iniesta, tsohon ɗan wasan Barselona wanda ya ci wa Sifen ƙwallon da ta ba ta kofin duniya a 2010, gama kamfanin da ya kafa tare da abokansa shi ne ya ba ƙungiyar suna. Na biyu kuwa shi ne Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya, baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a gasar Tour de France, wanda aka ba da sanarwar ya sa hannu da ƙungiyar a farkon watan Disamba na 2025, a kan yarjejeniyar shekara uku.

Magoya bayan Barselona, waɗanda ba su da kaɗan a unguwar, tun ran farko suka rungumi ƙungiyar, ko da yake da yawansu ba su taɓa zama sun kalli tseren keke daga farko har ƙarshe ba. A ganinsu duk abin da Iniesta ya sa wa hannu ba ya lalacewa. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata masu bin labarin ta wayar hannu su ne suka fara jefa musu tambayar da har yanzu ake ja a kanta, watau shin ƙungiyar sabuwa ce, ko kuwa sauya wa tuwo suna aka yi?

Tambayar tana da tushe, kuma wajibi ne mai karatu ya san asalin maganar.

An kafa ƙungiyar ne a ƙasar Isra'ila a ƙarshen 2014 a matsayin ƙaramar makarantar horar da matasa. Daga bisani wani attajiri haifaffen Kanada mai suna Sylvan Adams ya shigo da dukiyarsa, a kakar 2020 kuma ƙungiyar ta karɓi lasin ɗin tsohuwar ƙungiyar Katusha, ta shiga babban rukuni na duniya. Daga 2022 aka riƙa kiranta Israel-Premier Tech, saboda wani kamfanin Kanada da ya shigo cikin masu ɗaukar nauyinta. Adams bai taɓa ɓoye manufarsa ba, shi da kansa yakan kira kansa jakadan Isra'ila wanda ba wanda ya naɗa, kuma yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar kai bukin buɗe gasar Giro ta Italiya birnin Ƙudus a 2018. Bayan da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, sai sunan da ke jikin rigar ƙungiyar ya zame mata kaya. Abin ya kai maƙura a gasar Vuelta ta Sifen a 2025. Masu zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa sun tare wa mahayanta hanya a zango na biyar. Ran 3 ga watan Satumba aka tsai da zango na 11 a birnin Bilbao saura kilomita 3 a kai ƙarshe, ba tare da an ba kowa nasara ba. Ƙungiyar ta cire sunan Isra'ila daga rigarta a tsakiyar gasar, amma hakan bai kwantar da ƙura ba, domin ran 14 ga watan an soke zangon ƙarshe a Madrid bayan dubban jama'a sun mamaye titunan da za a bi. Firayim Ministan Sifen Pedro Sánchez ya yaba wa masu zanga-zangar, shi kuma na Isra'ila Benjamin Netanyahu ya yaba wa Adams saboda ƙin janyewa. Daga nan duk wata hujja ta cewa ƙungiyar kamfani ce mai zaman kanta wadda ba ruwanta da siyasa ta yi rauni ƙwarai.

A farkon watan Oktoba ƙungiyar ta ba da sanarwar za ta sake suna, ta bar alamar Isra'ila, Adams kuma zai janye daga tafiyar da al'amuranta na yau da kullum. A watan Nuwamba kamfanin Premier Tech ya tattara nasa ya nasa, ya koma wata ƙungiya ta Beljiyam. A cikin watan ne dai aka bayyana sababbin masu riƙe da ita, watau kamfanin NSN na su Iniesta da wani kamfanin zuba jari na Suwizalan mai suna Stoneweg.

Masu cewa tuwon jiya ne aka ɗumama suna da abin nunawa. Babban manajan ƙungiyar, Kjell Carlström ɗan ƙasar Finlan, shi ne dai wanda ya riƙe ta a da. Yawancin mahaya da ma'aikata su ne na da. Abin da ya fi wannan ma, makin da ƙungiyar ta tara da tsohon sunanta daga 2023 zuwa 2025 shi ne ya ba ta damar samun lasin na babban rukuni daga 2026 zuwa 2028. Sun kuma lura cewa sanarwar watan Oktoba ta yi maganar janyewa daga aikin yau da kullum ne, alhali janye jiki dabam, janye aljihu dabam. Wani malamin makaranta da ke zama a ɗaya daga cikin majalisun ya sha nanata cewa shi ba zai tafa wa ƙungiyar ba sai ran da aka buɗe littafin kuɗinta kowa ya gani, kuma ya ji takaicin yadda ɗan Afirka mafi suna a wasan ya zama shi ne fuskar da za a yi amfani da ita wajen wanke tsohon suna.

Abokan gardamarsa suna mayar masa da cewa ai abin da masu zanga-zangar suka nema ke nan, a cire tuta, an kuwa cire. Suka ce in har bayan an biya wa mutum buƙatarsa ya ci gaba da jifa, to ba gyara yake nema ba. Suka ƙara da cewa akwai makanikai da direbobi da masu dafa abinci da masu tausa waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba, da ƙungiyar ta rushe su ne za su kwana da yunwa. Wannan magana ba ta wasa ba ce, gama a ƙarshen 2025 ɗin nan ne ƙungiyar Arkéa ta Faransa ta rufe ƙofa don rashin mai ɗaukar nauyi, mutanenta suka watse neman aiki.

Inda Kuɗin Ke Fitowa

Buƙatar malamin ta a buɗe littafi ita ce ta kai gardamar ga batun kasafi, kuma a nan ne masu auna tseren keke da ma'aunin ƙwallon ƙafa suke yin kuskure. Ƙungiyar ƙwallo tana da fili, tana sayar da tikiti, tana samun kasonta daga kuɗin nuna wasa a talabijin, tana kuma sayar da 'yan wasa ta ci riba. Ƙungiyar keke ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun farko, na huɗun ma bai zama al'ada ba sai jefi-jefi. A kan titin gwamnati ake yin tseren, ɗan kallo yakan tsaya a bakin hanya ne kyauta. Kuɗin talabijin kuwa yana shiga aljihun masu shirya gasa ne, musamman kamfanin ASO na Faransa wanda ya mallaki Tour de France. Ladan gasa ma bai taka kara ya karya ba. Wanda ya lashe Tour de France gaba ɗaya Yuro 500,000 ake ba shi, jimlar ladan gasar duka kuwa kimanin Yuro miliyan 2.3 ne, kuma bisa al'ada akan raba shi ne tsakanin mahaya da ma'aikata. Saboda haka kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙungiya ke kashewa daga masu talla yake fitowa, waɗanda ke sayen sunan ƙungiyar da gurbi a jikin rigarta. Shi ya sa ƙungiyoyin keke suke sake suna kamar yadda maciji ke saɓa. Ran da mai talla ya gaji, ƙungiyar ba ta da gini ko fili da za ta jingina da shi.

Ƙungiyoyin ba su saba buga kasafinsu ba, sai dai su miƙa shi ga hukumar tseren keke ta duniya, watau UCI, a asirce. Amma jimlar takan fito. Bisa alkaluman hukumar da jaridar wasanni ta Italiya, La Gazzetta dello Sport, ta buga, ƙungiyoyi 18 na babban rukunin maza sun yi kasafin Yuro miliyan 570 a kakar 2025, watau kimanin miliyan 32 ke nan kowace ɗaya in an raba daidai, alhali a 2024 abin bai wuce miliyan 28 ba. To amma ba daidai ake rabawa ba. Masu kiyasi suna sa ƙungiyar UAE ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a wajen Yuro miliyan 60, ita kuwa Intermarché, inda Girmay ya fito, ƙasa da miliyan 20. Sakamakon ya bi sawun kuɗin. A 2025 UAE ta ci tsere fiye da 90, abin da ba a taɓa yi ba a zamanin nan, gwarzonta Tadej Pogačar kuma ya ɗauki Tour de France karo na huɗu. Intermarché kuwa sai da ta narke cikin ƙungiyar Lotto kafin ta tsira.

Wani akawu mai ritaya a unguwar ya ɗauki biro ya juya waɗannan kuɗi zuwa Naira, abin da ya sa majalisar ta yi tsit na ɗan lokaci. Bisa canjin shekarar 2025, Yuro miliyan 32 ya haura Naira miliyan dubu 50. Kasafin Jihar Sakkwato na shekarar, da albashi da hanyoyi da asibitoci da makarantu duka, Naira miliyan dubu 526 ne da ɗoriya. Ashe ke nan abin da matsakaiciyar ƙungiya mai mahaya 30 ke kashewa ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na kasafin jiha sukutum. Keke guda irin wanda suke hawa, wanda doka ta hana nauyinsa ya gaza kilo 6.8, yakan kai Yuro 12,000 ko fiye, watau wajen Naira miliyan 20. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000 sai ya yi fiye da shekara ashirin bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗinsa. Kowane mahayi kuma ba keke ɗaya gare shi ba.

A wannan ma'auni, ba wanda ke sa NSN a sahun UAE ko sauran manyan attajiran wasan. Ba a kuma sa ta cikin masu fafutukar kai bantensu. Damuwar masu lura ita ce irin kuɗin, ba yawansa kaɗai ba. A da ƙungiyar tana rayuwa ne bisa sha'awar attajiri guda wanda ba riba yake nema ba. Kamfanin zuba jari kuwa lissafi ya sani. NSN kamfani ne na shirya wasanni da bukukuwa da tallata 'yan wasa, ba wani kayan masarufi yake sayarwa ba da zai ce tallar riga ta ƙara masa ciniki, kamar yadda babban kanti irin Lidl ko Decathlon zai iya cewa. In ba a sami wani babban mai talla ya sayi suna ba, to masu ƙungiyar ne za su riƙa cike giɓin daga aljihunsu kowace shekara, kuma a wasan da ba ya mai da riba haƙurin ɗan kasuwa yana da iyaka. Magoya bayan Iniesta suna ganin sunansa ya isa ya jawo masu talla, musamman da yake Barselona aka ba bukin buɗe Tour de France na 2026. Watakila haka ne. Sai dai suna yakan buɗe ƙofa ne kawai, ba ya sa hannu a takardar banki.

Tarihin ƙungiyar kanta ma ya isa ya sanyaya gwiwar mai ɗaukar cewa kuɗi shi ne komai. A 2021 ta ɗauki Chris Froome, haifaffen Nairobi wanda ya ci Tour de France sau huɗu, a kan yarjejeniyar shekara biyar, da albashin da jaridu suka ce ya kai wajen Yuro miliyan 5 a shekara. Froome bai warke sarai daga mummunan haɗarin da ya yi a 2019 ba, har wa'adin ya ƙare bai ci mata tsere ko ɗaya ba, a ƙarshen 2022 ma sai da aka sauke ƙungiyar zuwa rukuni na biyu. Matasa masu sauƙin albashi su ne suka dawo da ita.

Nauyin Da Ke Kan Girmay

Game da makoma a fagen tsere, abin da ƙungiyar ta rasa ya kamata a fara dubawa. Derek Gee ɗan Kanada, wanda ya zo na huɗu a Giro na 2025, ya yanke yarjejeniyarsa a watan Agusta na shekarar, ya kuma bayyana cewa ana neman diyyar da ta haura Yuro miliyan 30 daga gare shi, kafin daga baya ya koma Lidl-Trek. Matthew Riccitello ɗan Amurka, wanda ya zo na biyar a Vuelta, ya tafi Decathlon. Michael Woods ya yi ritaya. Waɗannan su ne masu hawan duwatsu, kuma da hawan dutse ake cin babbar gasa ta mako uku. Duk wanda ke jiran NSN ta sa rawayar riga a Faris, to bai karanta jerin sunayen mahayanta ba. Abin da aka gina ƙungiyar a kai shi ne farautar zango ɗai-ɗai da tseren yini guda, da mutane irin su Stephen Williams wanda ya ci Flèche Wallonne a 2024, da Corbin Strong, da Ethan Vernon, sa'an nan Girmay a kan gaba.

An haifi Girmay a Asmara a shekarar 2000. Ya sami horo a cibiyar hukumar UCI da ke Aigle a Suwizalan, ya ci lambar azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a 2021. A watan Maris na 2022 ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam, a watan Mayu kuma ya ci zango na 10 na Giro, inda marfin kwalbar bukin nasara ya buge shi a ido har ya sa shi barin gasar. Shekararsa ita ce 2024. Ran 1 ga watan Yuli ya ci zango na uku na Tour de France a birnin Turin, ya ƙara biyu a kai, ya kuma kammala gasar da koriyar riga ta wanda ya fi kowa maki. Amma a duk tsawon 2025 bai ci tsere ko ɗaya ba. Wannan shi ne makamin masu shakka a Gidan Dahala, waɗanda ke cewa an sayi doki ne bayan ya gama sukuwarsa.

Wani mai gyaran keke, wanda ya fi kowa a wurin fahimtar yadda iska ke yi wa mahayi, shi ne ya warware musu wannan. Ya bayyana cewa mai gudun ƙarshe ba shi kaɗai yake cin tsere ba. Wanda ke bayan wani yana samun sauƙin iska ƙwarai, saboda haka aikin abokansa shi ne su tsare shi yini guda, su kai masa ruwa, sa'an nan a kilomitocin ƙarshe su jera a gabansa suna ƙona ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya, har su ajiye shi saura mita 200, a inda gudun yakan kai kilomita 70 a sa'a. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin riƙe irin waɗannan masu share hanya, gwaninta sai ya riƙa laɓewa a bayan abokan hamayya. Maganarsa tana kan hanya, gama bayan nasarar 2024 Intermarché ta rasa wasu daga cikin mutanen da ke yi wa Girmay wannan aiki. Sai dai akwai wata matsala a sabon gidan. Strong da Vernon su ma masu gudun ƙarshe ne, kowannensu kuma yana da nasa buri. Manajan da ya tara irin waɗannan uku, aikinsa na farko shi ne raba musu gasa ba tare da an yi zaman doya da manja ba.

Akwai kuma masu kiran NSN ƙungiyar Afirka don kawai Girmay yana ciki. Wannan kuskure ne, kuma labarin MTN-Qhubeka ya isa misali. Ita ce ƙungiya ta farko mai rajista a Afirka da ta shiga Tour de France, a 2015, da sunan kamfanin wayar da kowa ya sani a Nijeriya. A shekarar ne Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa rigar gwanin hawan dutse na 'yan kwanaki, ƙungiyar kuma ta ci zango ran 18 ga watan Yuli, ranar tunawa da Mandela. Da ta shiga babban rukuni sai neman maki ya tilasta mata ɗaukar Turawa, 'yan Afirka suka yi ta raguwa. Ta sake suna sau da dama, daga Dimension Data zuwa NTT, har a ƙarshen 2021 ta mutu saboda rashin kuɗi. In ƙungiyar da aka kafa musamman don Afirka ta kasa riƙe 'yan Afirka, ba dalilin da zai sa a ɗora wannan fata a kan kamfanin Sifen da Suwizalan.

Ina Nijeriya Take?

Duk gardamar da aka fara a kan Turai, a gida take ƙarewa. Dattawan unguwar suna tuna lokacin da keke yake abin alfahari, sa'ad da kamfanin Raleigh ke da masana'anta a Kano, ƙaramin ma'aikaci kuma yana karɓar bashin keke daga ofis a riƙa cirewa a albashi. Babur ya zo ya ture shi. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi yaƙin a koma hawan keke, aka yi ta yi masa dariya, har wata mota ta hankaɗa shi cikin kwata a Abuja. Abin da wa'azin minista ya kasa, tsadar fetur ta yi shi bayan cire tallafi ran 29 ga watan Mayu na 2023, domin ɗalibai da ma'aikata da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Amma hawan keke don dole dabam, tsere dabam.

Ba gwanaye Nijeriya ta rasa ba. Ese Ukpeseraye 'yar Jihar Delta ta ci gasar Afirka ta tseren kan titi a birnin Accra a 2023, kuma ita ce 'yar Nijeriya ta farko da ta yi tseren keke a wasannin Olimfik, a Faris a 2024. A can ne ta hau keken da ƙungiyar Jamus ta ara mata don shiga tseren zagayayyen fili. Ministan wasanni na lokacin, Sanata John Enoh, ya yi bayanin cewa gurbin ya samu ne a ƙurarren lokaci bayan an cire wata ƙasa, irin wannan keke kuma sai an yi watanni ana jiransa. Ko da an karɓi bayanin, abin da ya zauna a zukatan jama'a shi ne ƙasar da ta ware Naira miliyan dubu 12 don Olimfik da wasannin naƙasassu ta tura 'yarta da kayan aro, ta kuma dawo daga Olimfik ɗin ba lamba ko ɗaya. Filin tseren keke da aka gina a babban filin wasa na Abuja don wasannin Afirka na 2003 ya yi shekaru ba a mora ba, har jaridu suka ruwaito an mai da shi rumbun ajiye murhunan girki na gwamnati, kafin a kwashe su a shirya gasar Afirka a cikinsa a 2022.

Wasu matasa sun kawo shawarar gwamnatin jiha ta kafa tata ƙungiyar ƙwararru. Lissafin akawu ya riga ya amsa wannan in babban rukuni ake nufi. Amma akwai rukuni na uku, na ƙungiyoyin nahiya, wanda ake yi wa rajista ta hannun hukumar ƙasa da mahaya goma ko fiye, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na manya ba. Da irinsa Ruwanda ta fara, da ƙungiyoyi kamar Benediction da kuma gasar zagaya ƙasa da ake yi kowace shekara, har ta kai ga karɓar gasar duniya a Kigali daga 21 zuwa 28 ga watan Satumba na 2025, karo na farko a nahiyar Afirka. Burkina Faso, wadda ba ta fi Nijeriya arziki ba, tana shirya Tour du Faso tun 1987. Abin da waɗannan ƙasashe suka riga Nijeriya samu shi ne tsere a kai a kai wanda yaro zai shiga a auna shi, ba sai an jira bukin wasanni na ƙasa ba. Ko a Kigali ɗin ma an ga nisan tafiyar da ta rage. Daga cikin mahaya fiye da 160 da suka fara tseren maza na kilomita 267, mutum 30 kacal suka kai ƙarshe, ɗan Afirka guda ne a cikinsu, shi ma ɗan Eritiriya.

Sakkwato tana da nata cikas. Asmara tana bisa tudu mai tsawon mita 2,300, abin da ke ƙara wa mahayanta ƙarfin numfashi tun suna yara, Sakkwato kuwa ba ta wuce kimanin mita 300 ba, a watan Afrilu kuma zafi yakan haura digiri 40. Zango ɗaya na babbar gasa yakan kai tsawon tafiya daga Sakkwato zuwa Gusau, kuma matsalar tsaro da ta addabi wasu hanyoyin yankin a 'yan shekarun nan ba za ta bar uba ya saki ɗansa ya yi atisaye shi kaɗai da asuba ba. Duk da haka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai iska ita ce ke haifar da masu gudun ƙarshe, kamar yadda Holan da Beljiyam suka nuna, tuddan Jos da na Mambila kuma suna nan ga mai son horon hawa. Tseren kilomita 30 tsakanin makarantun sakandare, ko tsakanin ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da na Kwalejin Kimiyya ta Umaru Ali Shinkafi, ba ya bukatar Yuro ko ɗaya. Yana bukatar a rufe titi na sa'a biyu, da motar asibiti, da agogo, da jami'in da zai rubuta sakamako ya ajiye, ya kuma sake yin haka a wata mai zuwa. Tun watan Oktoba na 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni ta tarayya aka mai da aikinta hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Malam Shehu Dikko, amma irin wannan ƙaramin tsere aikin majalisar wasanni ta jiha ne da shugabannin makarantu.

A Gidan Dahala dai ba a rufe gardamar ba. Malamin makarantar yana nan a kan bakansa na sai ya ga littafi, magoya bayan Barselona kuma sun fara koyon bambancin koriyar riga da rawaya. Lasin ɗin ƙungiyar da yarjejeniyar Girmay duka a ƙarshen 2028 za su ƙare, kuma makin da ta tara a cikin waɗannan shekaru uku shi ne hukumar UCI za ta duba kafin ta sabunta mata.